Yadda Muka Kori Goggo Iyatu

Akwai masu cewa a Anka wai ni Balaraba mai ƙuliƙuli na kori tsohuwa daga gari da hantsi, kowa na gani. Ba ƙarya suka yi mani ba. Na kore ta, kuma da za a maido ranar da na sake korarta, da muryar da ta fi ta farko ma. Amma tunda sun kama zancen daga wutsiya, ku zauna ku ji kansa.

Shekarar da fari ya biyo bayan ciwon bushiya, wanda ya kashe shanu, maza suka watse cin rani. Wasu suka yi Ibadan, wasu Legas, gidaje suka zama sai tsofaffi da kaji. Ana nan aka tarar da wani dattijon unguwarmu, Malam Tsoho, kwance cikin ɗaki zazzaɓi ya kada shi, ba wanda ya sani sai da akuyarsa ta ishi mutane da kuka. Wallahi abin ya ƙona mani rai. Unguwa guda, muna jin tarin juna ta katanga, amma a ce akuya ce za ta yi mana shela? Ran nan na kira ƙawata Hamsatu da wasu mata irinmu, zawarawa da waɗanda shekaru suka fid da su daga kulle, muka raba gidajen tsofaffi a tsakaninmu. Ba wanda ya sa mu, ba wanda ya biya mu. Mutanen gari suka laƙaba mana suna 'yan leƙe don tsiya, mu kuwa muka karɓe abinmu muna amsawa.

Doka ɗaya na kafa, ita ce ba a ajiye kwano a juya. In kin shiga gidan tsoho ki shimfiɗa gyalenki ki zauna. Ki ji labarin da ya ba ki jiya, ki yi dariya kamar yau kika fara ji. Wanda bai iya wanka a kai mashi ruwa, wadda kanta ya cukurkuɗe a tsefe mata. Tuwon ma ba kullum muke da shi ba a wannan shekara, amma baki kam kowacenmu tana da shi, ni kuwa nawa ya ishi mutum uku.

A rabon nan Goggo Iyatu ta faɗo hannuna. Bafillatana ce, siririya, tsaye cak duk da tsufa. Shanun gidansu sun ƙare a ciwon nan, mijinta bai daɗe a bayansu ba, sai ta biyo ɗiyarta Husaina da ke aure a Anka. Husaina ta rasu wajen haihuwa, ita da jaririn. Mijin Husaina ya tafi cin rani, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Aka bar tsohuwa ita kaɗai a wani ɗaki can bakin gari, da ƙorenta na nono a jere bisa gado. Kullum sai ta wanke su ta shanya, alhali rabonsu da ganin nono tun tana ruga.

Ta ba ni wuya da farko. Duk abin da na kai, sai ta ce, “Na ƙoshi, ɗiyata.” Ƙoshin me, cikin nata kamar faifai? Daga baya na gane ba ƙin abincina take yi ba, ci a gaban mutum ne ba ta iya ba. Sai na koyi dabara. In mun taɓa hira in ce bari in share mata tsakar gida, in ɗauki tsintsiya in yi ta sharar wurin da na share jiya. In na dawo sai in tarar kwano ya yi sauƙi, ita kuma ta goge baki tana kallon rufin ɗaki. Ban taɓa cewa na gani ba.

Da ta saki jiki da ni, hirarta ɗaya ce: ɗan Nana. Nana yayarta ce, ta daɗe da rasuwa. Ɗan Nana yana can wata ruga wajen Gummi, 'yan shanunsa kaɗan sun tsira. Ɗan Nana bahago ne, ba ya cin yaji, yana gane saniyarsa da kukanta ko tana bayan dutse. Ɗan Nana kaza, ɗan Nana kaza, har kunnena ya gaji. Ran nan na ce, “Goggo, ɗan Nanan nan in waliyyi ne ki faɗa mana mu shirya ziyara.” Ta yi dariya har ta rufe baki da gefen zane. Ni kuwa a raina haushinsa nake ji. Wane irin ɗan 'yar'uwa ne wannan, tsohuwa na ta yabonsa shi ko leƙe?

Bayan kaka, kakar da ba ta ci sunanta ba, muna zaune ni da Hamsatu a ƙofar ɗakin Goggo sai ga Uba direba. Uba shi ke jan a-kori-kura tsakanin Anka da Gummi, yaron kirki ne amma bakinsa ya fi motarsa gudu. Ya durƙusa ya ajiye ƙwarya cike da man shanu.

“Goggo, Hayatu na Gummi ya ce in gaishe ki. Ya ce ciyawa ta ƙare masu, za su tashi da shanu su yi kudu, ƙasar Borgu, kuma ba tafiyar dawowa ba ce. Ya ce in kina so, shi taho shi ɗauke ki ku tafi tare.”

Ranar na fara jin sunan ɗan Nana. Goggo ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta juya tana kallon bango.

“Mi za ni yi gidan ɗan mutane?” in ji ta. “Ka ce mashi ina nan lafiya lau. Shi tafi abinai.”

“Shi ke nan saƙon?”

“Shi ke nan.”

Hamsatu ta ji daɗi, ta ɗora da cewa, “Ka ƙara mashi da cewa tana da mu. Sai yanzu ya tuna da ita?” Mu duka mun ɗauki maganar yadda ta fito. Ina laifi, tsohuwa ta ƙi zama a ƙarƙashin ɗan yayarta da matarsa, ta ƙi yawon daji da tsufa? Uba ya karkaɗe gwiwa ya tafi.

Daga ranar nan kwano ya daina sauƙi. In yi shara har tsintsiya ta gaji, in dawo in tarar da tuwo yadda na ajiye shi. Na sauya na kawo fura, na kawo kunu, na yi lallashi, na yi faɗa, duk a banza. Ƙoren nan suka yi kwana da kwanaki ba wanki. Hira ta mutu, ko sau ɗaya ba ta sake ambaton ɗan Nana ba. Man shanun kuwa ta tura shi ƙarƙashin gado, ba ta ci ba, ba ta ba kowa ba. Na kai ta ɗakin shan magani, malamin ya duba ya ce ba ciwo, tsufa ne. Na ce mashi tsufan da bai hana ta dariya ba watan jiya, yau ya tashi aiki? Tsoro ya kama ni sosai, don na ga tsofaffi da yawa a aikin nan, na san yadda mutum ke yi in ya fara sallama da duniya ba tare da ya faɗa ba.

Wata safiya na zaunar da ita tsakanin ƙafafuna ina yi mata kitso, don kan ya fara damewa. Ina neman abin da zai buɗe bakinta, sai na ce, “Wai Goggo, Nana ɗiyanta nawa? In wancan ya tafi, ba wani cikinsu da zai riƙa leƙo ki?”

Hankalinta ba ya wurin. Ta ce, “Nana? Ai Allah bai ba Nana haihuwa ba. Ko ɓari ba ta taɓa yi ba.”

Hannuna ya tsaya cak cikin gashinta. Ita ma na ji wuyanta ya sandare, ta gane abin da ya fito. Innalillahi! Ashe duk watannin nan ɗanta take ba ni labari ina yi mata tsiya. Ɗan fari ne. Mu ma Hausawa muna kunyar ɗan fari, ni kaina ban taɓa kiran sunan tawa babbar ba, amma Fulani sun kai abin ƙarshe. Ana yaye shi aka miƙa wa Nana, ya tashi a ɗakinta, uwar da ta haife shi ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta nuna ta san da shi. Yo ta yaya mace irin wannan za ta buɗe baki gaban direba da matan gari ta ce e, ina son ɗana, shi zo shi ɗauke ni?

Na ce a hankali, “Goggo, in aika shi taho?”

“Kul!” Ta damƙe ƙafata da ƙarfin da ban san tana da shi ba. “Kada ki kunyata ni da furfurata, Balaraba. Ki ƙarasa mani kitsona.”

Na ƙarasa. Ina yi ruwan idonta na ɗiga a bayan ƙafata. Da zan tafi ta sa na yi mata alkawarin ba zan aika kowa ba. Na yi, kuma na cika, don da ƙafata na je.

A tasha na cafke Uba yana ɗaure kaya. Na ce, “Kai, zo nan. Me ka faɗa wa Hayatu?”

“Abin da ta ce mana, Inna Balaraba. Na ɗan gyara dai don kada ranshi shi ɓaci. Na ce ta samu matan gari suna kula da ita, tuwo safe da yamma, har ta yi ƙiba, ta manta da zaman ruga.”

“Ƙiba! Uba, Allah shi shirye ka. Wa ya sa ka gyara? Saƙo aka ba ka ko mota?”

Ya fara rantse-rantse, na ce ya adana su. Na tambaye shi yaushe za su tashi, ya ce in an ci kasuwar Gummi ta wannan mako. Kasuwar kuwa ranar take ci. Na bar wa maƙwabciyata tiren ƙuliƙuli, na ture wani mai buhun barkono na shige gidan gaba. Duk ramin da motar nan ta faɗa tsakanin Anka da Gummi sai na tuna wa Uba laifinsa.

A kara, inda ake cinikin shanu, ban sha wuyar nemansa ba. Dogo ne, sanda a hannun hagu, hancin Goggo sak a fuskarsa, gemu ya fara furfura. Na yi sallama na ce daga Anka nake, wajen tsohuwa. Nan take ya ja ni gefe ya tsuguna, idonsa a ƙasa.

“Lafiya take, baiwar Allah?”

“Da lafiya take da ka gan ni nan? Kai, ba kai ne Bafillacen ba? Ni za ka bari in koya maka al'adarku? Ka aika mata direba gaban mutane, me kake so ta ce?”

Ya daɗe yana zane ƙasa da sanda. Sannan ya ce, “Na san ba ta cewa e. Ban jira e ba. Amma direba ya ce ta yi ƙiba, ta samu masu riƙe ta. Ni mi gare ni? Daji, da 'yan shanun da ba su kai a ce masu garke ba. Na ce in na matsa, na raba ta da jin daɗi don son raina.”

Sai na ji duk haushin da na tara mashi ya zube. Na faɗa mashi gaskiya ba gyara, cewa ta daina ci, ta daina magana, man shanunsa na ƙarƙashin gado, kuma in ya yi kudu bai ɗauke ta ba, ba za ta ga damina ba. Ya ja rawani ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa. Na juya ina kallon wani bijimi har ya gama.

“In na taho ma ƙi za ta yi,” in ji shi. “Gabana ta fi ƙi.”

“Kai dai ka taho gobe da hantsi. Ka tsuguna nesa, kada ka roƙe ta komai. Sauran aikin nawa ne.”

Da na koma na faɗa wa Hamsatu abin da na shirya, sai ta dafe ƙirji. Ta ce, “Balaraba, garin nan za su tsine mana. Duk sunan da muka yi zai zube.” Na ce suna muke nema ko tsohuwa? In ta tafi da kanta, ta zama wadda ta bi ɗan fari, kuma gara mata mutuwa da wannan. In kuwa korarta aka yi, ba ta da laifi, ba ta da kunya, dole ce ta sa. To wa zai kore ta in ba mu ba? Hamsatu ta ce za ta tsaya bayana amma ita ba ta iya ɗaga murya. Na ce wannan ba matsala ba ce.

Washegari da hantsi motar Uba ta tsaya bakin gari. Hayatu ya sauko, ya zo ya tsuguna can nesa da ƙofa, ya gaishe ni, ya gaida Hamsatu, ya gaida garin baki ɗaya, ban da wadda ya zo dominta. Goggo na zaune bakin ƙofa. Tun daga saukowarsa ba ta ɗaga ido ta dube shi ba. Ta juya mashi baya ta ce, “Balaraba, ki ba baƙonki ruwa.”

Na ce bisimilla a raina, na kama ƙugu.

“Ba ruwan da zan ba kowa! Goggo, yau sai na faɗa maki. Mun gaji! Gero ya ƙare, tsofaffin garin nan sun yi mana yawa, 'yan asalin gari ma ba mu gama da su ba. A dafa a kawo maki ki ƙi ci, a yi maki hira ki yi shiru. Ni ba baiwar kowa ba ce. Ki tattara ƙorenki ki san inda za ki!”

Kafin in rufe baki maƙwabta sun fito, har da masu leƙowa ta kan katanga. Hamsatu na bayana tana cewa “Haka ne, haka ne,” hawaye na zuba mata, ita da ta ce za ta taimaka. Goggo ta ɗago ta dube ni. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba, don fuskarta ta nuna ta yarda, ta ɗauka ni ma na juya mata baya. Na matsa kusa kamar zan ƙara faɗa, na sa babban yatsan ƙafata na danna nata a hankali, na sake dannawa. Ta dubi ƙafar, ta dube ni. Sai na ga idon ya sauya.

Ta ce da murya mai rauni, yadda kowa zai ji, “To ina za ni, ni da ba ni da kowa?”

“Oho! Ga ɗan Nana nan Allah ya kawo. Ki roƙe shi, ko ya duba darajar Nana.”

Hayatu bai bari ta roƙa ba. Yana kallon ƙasa ya ce, “Don darajar Nana, ba komai. Akwai wuri.”

“Tunda an kore ni,” in ji Goggo, “ya zan yi.”

Tabɗi! Matar da jiya sai na ɗaga ta kafin ta zauna, ita ce ta miƙe ta shige ɗaki. Na bi ta ina ci gaba da faɗa don na waje, ina cewa kada ta bar mana ko tsinke. A ciki kuwa ta ɗauki furar da na kawo, ta juya mani baya ta shanye tas. Muka jera ƙoren ɗaya cikin ɗaya muka ɗaure da zane, ta janyo ƙwaryar man shanun ta rungume, ta ƙi bari in riƙe mata.

Muka fito. Mutane sun cika wajen motar, ana ta gunaguni. Wata ta ce, “Balaraba, ba ki ji tsoron Allah ba.” Wani dattijo ya ce dama ya san ƙarshen 'yan leƙe ke nan. Na ce duk mai tausayi ya ɗauke ta ya kai gidansa, sai kowa ya kawar da kai. Hayatu ya haye baya can cikin buhuna, inda idonsu ba zai haɗu ba. Uba, wanda yau bakinsa ya mutu, ya buɗe mata gidan gaba ya taimaka mata ta hau.

Da ta zauna sai ta leƙo ta taga, ta nuna ni da yatsa, ta ɗaga murya har ta fi tawa.

“Balaraba, Allah shi saka!”

Wasu cikin taron suka amsa da amin. Ta miƙo hannu ta cafki gefen gyalena ta jawo ni, kamar mai shirin ƙara mani wata baƙar magana. Na sunkuya har bakinta ya taɓa kunnena.

“Da alheri, ɗiyata,” in ji ta. “Da alheri.”

Ta sake ni, ta gyara ƙwaryar a cinyarta, ta kafa ido a kan hanya. Uba ya tada mota. Na ɗaure fuska tamau har suka sha kwana, sannan na shiga ɗakin da ta bari, na ja asabari, na yi kukana.